MOTA ƊAYA, AIKI BIYU: YADDA AKE SHIRYA AKORI-KURA A ƘASAR KATAGUM

Duk wanda ya san ƙasar Katagum ya san hanyoyinta iri biyu ne. Akwai kwaltar da ta ratsa Azare daga Kano zuwa Maiduguri, akwai kuma hanyoyin ƙauyukan Zaki da Gamawa da Itas/Gadau, inda rairayi kan riƙe mota da rani, taɓon fadamar kogin Jama'are kuma ya riƙe ta da damina. Kwaltar ma ba ta tsira ba, domin a watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke ta a ƙaramar hukumar Katagum.

Manomi ko ɗan kasuwa a nan ba shi da halin ajiye mota biyu. Wadda za ta ɗauko buhunan gero da shinkafa daga gona, ita ce za ta kai yara makaranta da safe, ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan ta kafe a hanya, wani lokaci rai ne ke salwanta.

A da, Land Rover da akori-kurar Peugeot, wadda kamfaninta ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, su ne gwanayen wannan fage. A yau Toyota Hilux ce ta gaje su, musamman mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka fara ƙerawa a 1979. To, amma sayen motar daban, shirya ta daban.

Abu na farko shi ne taya. Mai matsakaicin ƙaya ita ce daidai, domin mai manyan ƙayoyi, ko da yake tana cizon taɓo, a kan kwalta sai ƙugi da saurin cinyewa. A cikin rairayi akan rage mata iska don ta shimfiɗu, amma wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe.

Na biyu, sifirin. Makanikai kan ƙara falle ɗaya a baya saboda kaya. Wanda ya zarce haka, motarsa za ta riƙa tsalle idan babu kaya, wanda kuwa ya ɗaga ta fiye da kima ya sa ta cikin haɗarin kifewa a kwana.

Na uku, kāre inji. Mai walda kan ɗaura faranti na ƙarfe a ƙarƙashinsa saboda kututture, a kuma ɗaga bututun shan iska, gama injin da ya shaƙi ruwa sai an sauke shi. Shebur da igiya da famfon taya kuwa ba a barinsu a gida.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kowane ƙarfe da aka ƙara wa mota yana da kuɗinsa a gidan mai. Saboda haka mai hankali kan auna kwana nawa yake yi a daji, kwana nawa a gari, kafin ya kira mai walda. Daidai ruwa, daidai tsaki.