Injin wankin da ke ƙin aiki bayan magariba

Injin wankin gidan yayata a Kano ya fito da wata ɗabi'a da ta gagari masu gyara. Da safe ko bargo aka jefa masa sai ya wanke shi tas. Da an idar da sallar magariba kuwa, a murɗa taima, sai ya hau gurnani, ruwa na ɗan karkarwa, amma faifan da ke ƙasan ramin wanki ko motsi. Ita ma'aikaciya ce, ba ta da lokacin wanki sai dare. Duk mai gyaran da aka kira da hantsi yake zuwa, ya kunna, injin ya juya lafiya lau, ya karɓi kuɗin mota ya tafi.

Irin mai rami biyu ne, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti. Wani mai shago ya yanke mata hukunci ba tare da ya ga injin ba: moto ya mutu, masu bel kuma zamaninsu ya wuce, ta sayi mai inbata marar bel ta huta. Kuɗin da ya kira ya ninka na tsohon sau da yawa. Kafin ta taɓa adashenta muka samu wani dattijo mai gyaran fanka da famfon tura ruwa, wanda ya yarda ya zo da dare, lokacin da ciwon ke tashi.

Ya fara da abin da bai buƙatar sukurudireba. "Hajiya, da dare kin fi cika shi da kaya?" Ta ce ko kusa, kayan makarantar yara ne kullum. Ya sa aka kwashe aka bar riguna biyu, aka kunna. Faifan ya yi jinkiri, sannan ya juya. Aka mayar da sauran kayan, gurnani ya dawo. Wato nauyi na da hannu, amma nauyin da safe yake ɗauka ba gardama. Ya zare filogi, ya juya faifan da hannu, ya ji yana tafiya sumul. Ba kwabo ko ƙusa da ta maƙale a ƙasa, boris ma bai ci ba. Da ma waɗannan ba su san safe da dare ba.

Sai ya buɗe bayan injin, ga bel ɗin da mai shago ya ɗora wa laifi. Aikinsa ɗaya ne: moto na gudu da sauri, faifai na buƙatar ƙarfi, bel ya haɗa ƙaramin fuli da babba, gudu ya ragu, ƙarfin juyi ya ƙaru. Idan bel ya saki, moto yakan yi ta gudu shi kaɗai, faifai na tsaye, a ji ƙaurin roba, a ga baƙin gari a ƙasa. Dattijon ya haska tocila aka sake kunnawa. Moton kansa ne ke tsaye cak yana gurnani, bel bai ma samu abin da zai ja ba. Ya kuma nuna mana abin da mai shago bai faɗa ba: a ɓangaren matsa babu bel ko ɗaya, kwandon a kan sandar motonsa yake zaune kai tsaye. Injin mai arha ma ashe yana ɗauke da tsari biyu a cikinsa, mai bel da marar bel. Kuma ɓangaren matsa na tashi da dare ba matsala. Dattijon ya ce mu riƙe wannan, zai yi amfani.

Mijin yayata ya kawo nasa zargin, cewa burushi ne ya cinye, don haka aka taɓa gaya masa game da injin huda bango. Zargi ne mai tushe, sai dai ba a wannan moton ba. Yawancin injinan wanki masu ƙofa a gaba da ake shigo da su na hannu daga Turai suna da moto mai burushi, wasu 'yan sanduna biyu na kabon da ke goga a jikin ɓangaren da ke juyawa don kai masa wuta. Irin wannan yana iya haura juyi 10,000 a minti lokacin matsa, yana da ƙara, burushin kuma kan cinye a hankali har injin ya fara tartsatsi yana yankewa. Gyaransa ba tsada, a canja burushi ya koma sabo. Na yayata kuwa dangin moton fankar sama ne, irin wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888. Babu abin da ke goga a cikinsa. Koyil ne a kewaye ke samar da maganaɗisu, shi ke jan tsakiyar ta juya.

To ko koyil ya ƙone? Dattijon ya sunkuya ya sansana, bai ji ƙaurin banish ba. Ya ɗora mita kan wayoyin, koyil biyun suka nuna lamba kusan ɗaya, kamar yadda ya kamata a moton da ke juyawa dama da hagu. Moto lafiyarsa ƙalau.

Yana tsugune ya ɗaga kai ya dubi fankar falo ta taga, tana tafiya a kasalance. Ya soka mita a inda aka jona injin. Wutar da ake rabawa a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, mitarsa kuwa wajen 180 ta nuna. Lokacin ne unguwa duka ke gida, ga hita, ga dutsen guga, ga famfunan tura ruwa, taransifoma ɗaya ke ɗauke da kowa. Wannan nau'in moto ba ya yafe ƙarancin wuta, domin ƙarfin juyinsa ba daidai da raguwar wutar yake raguwa ba, ninki yake yi. Idan wuta ta sauko daga 230 zuwa 180 ta rasa kusan kashi 22 cikin 100, amma ƙarfin juyin da ya saura bai fi kashi 61 cikin 100 ba. A 160 kuwa ƙasa da rabi ne. Moton da ya tsaya yana gurnani kuma yana shan wuta fiye da mai juyawa, zafi kawai yake tarawa, a haka koyil ke ƙonewa.

Muka ɗauka an zo ƙarshe. Sai yayata ta ce, "Baba, maƙwabciyata fa irin injina gare ta, layinmu ɗaya, yanzu haka wanki take." Aka yi shiru, ana jiyo ƙarar injin ta katanga.

Dattijon bai yi musu ba. Ya bi wayar da hannu daga bayan injin, ta ratsa tsakar gida, ta shiga ɗakin girki. Doguwar wayar jona ce siririya, irin ta cajin waya, rabinta a nannaɗe. Ya auna a soket ɗin bango, ya sake aunawa a ƙarshen wayar daidai lokacin da moto ke yunƙurin tashi, sai lambar ta ƙara faɗuwa. Moto irin wannan kan ja wuta ninkin abin da yake ci a cikin tafiya lokacin da zai tashi, siririyar waya kuma ta riƙe wani kaso a hanya. Aka ɗauki injin aka kai shi kusa da bango. Ya tashi da kaya a ciki, ya juya dama, ya tsaya don ya koma hagu, sai gurnani ya dawo. An samu sauƙi, ba a warke ba.

Nan ya karɓi busasshiyar muciya, ya hana kowa sa hannu a ruwan, ya ɗan tunkuɗa faifan. Nan take ya kama juyawa. Duk wanda ya taɓa tura fanka da sanda kafin ta tashi ya san inda aka dosa. Wutar gida layi ɗaya ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ba ta iya nuna wa moto ta ina zai fara, kamar mai keken da feda ta tsaya masa a can sama, ya danna ba ta gaba ba ta baya. Kafasita ce ke sa wutar koyil na biyu ta ɗan saɓa lokaci da ta farko, wannan saɓanin ne ke tura moto ya tashi. A injin mai rami biyu sau da yawa kafasita biyu ce a gwangwani ɗaya, ta wanki da ta matsa. Ya zare filogi, ya sauke cajin da ke cikinta tukuna don takan riƙe wuta, sannan ya auna. Ta matsa ta cika lambarta, shi ya sa kwandon ke tashi da dare. Ta wanki an rubuta mata maikrofarad 10, mita ta nuna wajen 6. Zafi da hawa da saukar wuta ne ke cinye ta, injin kuwa a rana yake yini a tsakar gida.

Ashe abu uku ne suka haɗu. Da safe cikakkiyar wuta na rufa wa raunanniyar kafasita asiri. Da dare wuta ta ragu, waya ta ƙara ragewa, kafasita ta kasa cike giɓin. Maƙwabciya matsala ɗaya ce kawai gare ta cikin ukun. Aka sa sabuwar kafasita, aka jefar da wayar.

Duk da haka tambayar irin injin da yayata za ta saya na nan, tunda wata rana dole ta canja inji, kuma maganar mai shago ba duka ce ƙarya ba. Sai dai ya gwama abu biyu. Inbata nau'in sarrafa moto ne: fanel ɗin injin na mai da wutar gida ta zama miƙaƙƙiya, sannan ya ƙera wa moton irin wutar da yake so, a gudun da ake so. Ba burushi, ba kafasitar tayarwa, yana tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba, abin da ke yi wa mai sola daɗi. Rashin bel kuwa batun yadda aka haɗa moto da ganga ne. Kamfanin Fisher & Paykel na New Zealand ya fito da marar bel a 1991, LG na Koriya ta Kudu ya biyo a 1998. Akwai injina masu inbata da yawa da har yanzu da bel suke juyawa, kuma yawancin amfanin daga inbatar yake zuwa. Cire bel na rage ƙara, amma bel na cikin mafi arhar abin da ke jikin inji.

Abin da ya fi damuna shi ne garantin shekara 10 da ake mannawa a gaba. Moto ya shafa, moton kuwa da wuya ya mutu. Fanel ne ke jin jiki idan aka dawo da wuta da ƙarfi, shi kuma ba mai gyaran fanka ne zai taɓa shi ba. Ga batun ruwa: mai sarrafa kansa da famfo yake sha, yana son ruwa mai ƙarfi, tanki a tsayin mita 10 ne ke ba da ƙarfin ruwa na kimanin "bar" ɗaya. Ga hita, wadda a masu ƙofa a gaba takan kai wat 2,000, ta fi moton cin wuta nesa ba kusa ba.

Gidan yayata ba tanki a sama, ba sitabilaiza. Na ba ta shawara ta riƙe mai rami biyun, ta mai da shi inuwa, ta sa a ja masa soket da waya mai kauri. Ranar da aka ɗora tanki aka sa sola, ta ɗauki mai inbata, da bel ko babu, ta haɗa shi da abin kare hawan wuta, kuma kafin ta biya ta tambayi mai shago nawa ne fanel ɗinsa da kuma wa ke sayar da shi a Kano.