Daga Kulob Zuwa Aji: Wasan Kwaikwayo, Fim da Talabijin a Sakandaren Amurka

A makarantun sakandare na Amurka, inda ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 18 ke yin shekaru huɗu daga aji tara zuwa aji goma sha biyu, wasan kwaikwayo da shirya fim da aikin talabijin darussa ne da ke da gurbi a jadawali, ana ba da maki a kansu kamar yadda ake bayarwa a lissafi ko tarihi, kuma makin yana shiga cikin takardar da ɗalibi zai gabatar wa jami'a. Ƙasar ba ta da manhaja guda da ta ɗaure kowa, domin jihohi da gundumomin ilimi, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000, su ke yanke abin da za a koyar, saboda haka wata makarantar tana da zauren wasa da sutudiyo cikakke, wata kuwa malamin Ingilishi ne ke tara yara bayan tashi. Duk da wannan bambanci, tarihin darussan yana nuna abu guda: duk lokacin da sha'awar ɗalibai ta tashi daga kulob ta koma aji, takan samu kuɗi da martaba, sannan ta shiga ƙarƙashin ikon hukumar makaranta.

Wasan kwaikwayo ne babba a shekaru. A 1929 wasu malamai a garin Fairmont na jihar West Virginia suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira International Thespian Society, wadda ke karrama ɗaliban sakandare bisa aikin da suka yi a harkar wasa, kuma tsarinta yana lissafa aikin mai fitilu da mai ɗinka kaya kamar yadda yake lissafa na jarumi. Wannan aiki na bayan fage shi ne ɓangaren da mai kallo ba ya gani, kuma a ra'ayin mai wannan rubutu shi ne mafi nauyi a darasin. Wasan makaranta guda yana buƙatar masu sassaƙa katakon da za a gina ɗakuna da shi a kan dandamali, da masu rataya fitilu su daidaita haskensu da yanayin kowace fitowa, da masu kula da sauti, da manajan dandamali, wato ɗalibin da ke riƙe da littafin wasan yana ba da umarnin kunna kowace fitila da shigar kowane ɗan wasa a daidai lokacinsa. Yarinyar da ta riƙe wannan muƙami ta koyi tafiyar da jama'a a cikin ƙurarren lokaci, domin ranar buɗe labule ba ta ɗaguwa bayan an sayar da tikiti. Akwai kuma darasin haƙƙin mallaka, tunda makaranta ba ta da ikon nuna wasan da har yanzu ke ƙarƙashin haƙƙin mallakar wani sai ta sayi lasisi daga kamfanin da ke wakiltar marubucin, kuma lasisin yakan hana canza ko da kalma ɗaya ba tare da izini ba.

Manyan birane sun kai abin ga keɓe makarantu sukutum. A New York, magajin gari Fiorello LaGuardia ya kafa makarantar kiɗa da zane a 1936, daga baya aka haɗe ta da makarantar wasanni wadda fim ɗin Fame na 1980 ya sa duniya ta sani, suka koma gini ɗaya a 1984. Ana shiga haɗaɗɗiyar makarantar ne ta hanyar gwajin basira, kuma tana da sashe na musamman ga masu aikin bayan fage.

Fim da talabijin sun shigo ta wata ƙofa daban, wato ƙofar koyar da sana'a. Gwamnatin tarayya ta fara tallafa wa ilimin sana'a a sakandare da dokar Smith-Hughes ta 1917, sannan dokar Carl D. Perkins ta 1984, wadda aka sabunta a 2018, ta ci gaba da aikin, kuma a ƙarƙashinta gundumomi da yawa ke sayen kyamarori da makirufo da kwamfutocin tace hoto. Sakamakon haka malamin bidiyo yakan samu kuɗin kayan aiki daga asusun sana'a, alhali takwaransa na wasan kwaikwayo, wanda ake lissafawa a cikin fannin fasaha, yakan dogara ga kuɗin tikiti da gudummawar iyaye. Sai a 2014 ne sabon ma'aunin koyar da fasaha na ƙasa ya amince da fasahar kafofin yaɗa labarai a matsayin fanni na biyar, bayan rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo da zane.

Abin da ake yi a ajin bidiyo yana bin matakai uku na sana'ar: shiri kafin ɗauka, wanda ya ƙunshi rubuta labari da zana jerin hotunan da za a ɗauka, ɗaukar kanta, da tacewa, inda ake yanke hotuna a jera su a gyara sauti. A makarantu da dama ajin ne ke gabatar da sanarwar safe ta talabijin ga sauran azuzuwa, ɗalibai biyu suna karanta labarai, wasu suna kan kyamara, wani yana sauya hoto daga wannan kyamara zuwa waccan. Akwatunan talabijin da suka sauƙaƙa wannan a wurare da yawa sun zo ne ta hanyar da ta jawo ce-ce-ku-ce: daga 1990 kamfanin Channel One ya riƙa ba makarantu talabijin da kwanon satalayit kyauta, bisa sharaɗin ɗalibai su kalli shirinsa na minti 12 kullum, wanda minti 2 daga ciki talla ne. Jihar New York ta hana shi a makarantunta na gwamnati, shirin kuma ya tsaya a 2018.

Maganar iko ita ce ta kai har Kotun Ƙoli. A 1983 shugaban wata sakandare a gundumar Hazelwood ta jihar Missouri ya cire shafuka biyu daga jaridar ɗalibai saboda rahotanni kan cikin 'yan mata ɗalibai da kan rabuwar auren iyaye, ɗaliban suka kai ƙara suna kafa hujja da 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Janairun 1988 kotun ta goyi bayan makaranta da alƙalai biyar a kan uku, kuma dalilin da Mai Shari'a Byron White ya bayar shi ne cewa jaridar aikin aji ce da makaranta ta ɗauki nauyinta, don haka malamai suna da ikon tace ta muddin suna da dalilin koyarwa mai karɓuwa. Hukuncin ya ambaci wasannin kwaikwayo na makaranta ƙarara a cikin abubuwan da wannan iko ya shafa. Ke nan makin da ya ɗaukaka darasin shi ne ya ba shugaban makaranta damar soke wasa ko janye shiri, abin da har yanzu ke faruwa idan labari ya taɓo addini ko launin fata ko jinsi. Wasu jihohi sun yi dokokin da ke kare ɗalibai fiye da abin da Kotun Ƙoli ta tanada, California tun 1977, amma waɗannan dokoki sun fi karkata ga aikin jarida, ta yadda a jiha guda ɗalibin da ke shirya labaran talabijin zai iya samun kariyar da ɗan'uwansa na kan dandamali ba shi da ita.