Da Me Za A Auna Makarantar Firamare A Batsari Da Safana?

Tun da aka ɗan samu sauƙin hare-hare a wasu sassan Batsari da Safana, bayan zaman sulhun da aka yi a 2025, hirar makaranta ta dawo majalisu. Mutanen wasu ƙauyukan da suka watse sun fara komawa gida, ana share ajujuwan da suka daɗe a rufe, iyaye kuma na ta gardama kan inda ya kamata a sa yaro. Wani ya ce a bar shi cikin gari wurin dangi, domin makarantar can ta fi kyau. Wani ya ce ai ta ƙauye ma ta gyaru, tunda an sa mata sabon kwano an shafa mata fenti. Idan ka bi diddigin abin da kowannensu yake nufi da kyau ko gyaruwa, abu uku za ka tarar ana lissafawa: gini, yawan yara, da yadda ake jiyo muryoyinsu daga bakin hanya suna rera Turanci. Babu ko ɗaya cikin ukun da zai gaya wa uba ko ɗansa ya iya karatu.

Ba a buƙatar tuna wa mutumin gefen dajin Rugu abin da ya gani. Kisan Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, katse layukan waya a Satumbar 2021, da lokutan da ajujuwan firamare suka zama ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira, duk a kan idonsa aka yi su. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin giɓin da waɗannan shekaru suka bari a kan yaro ɗaya ɗaya. Yaron da aka gudu da shi yana aji ɗaya, ya dawo da shekara goma sha ɗaya, sau da yawa tsawonsa ake dubawa a ce ya shiga aji biyar. Sunansa na cikin rajista, yana da wurin zama, amma karatun aji biyu zuwa na huɗu ya wuce shi, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaya. Saboda haka batun ingancin makaranta ya fi nauyi a nan fiye da yadda yake a cikin birnin Katsina.

Gini yana da amfani, kada a ji kamar ana raina shi. Ajin da ba rufi ba a karatu a cikinsa da damina, kuma makarantar da ba ta da banɗaki takan rasa 'yan matanta da zarar sun fara girma. Sai dai ya kamata a san dalilin da ya sa gini ya mamaye zancen ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi tallafi ne da jiha ke karɓa bayan ta ajiye nata kason, kuma shekara da shekaru mafi yawansa kan ajujuwa da kujeru da katanga yake tafiya. Ga kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Gini ana ba da kwangilarsa, a ɗauki hotonsa, a kira taro a buɗe shi. Koyon karatun yarinya 'yar shekara bakwai ba shi da ɗan kwangila, don haka ba shi da mai yi masa shela. Da haka muka saba, har mu iyaye muka karɓi ma'aunin jami'ai muka mai da shi namu.

Yawan yara ma haka ne. Lokacin da shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 yake tafiya, ana ba 'yan aji ɗaya zuwa uku abinci a kan Naira 70 kowane yaro, rajistoci sun cika, an kuma yi ta murna da alƙaluma. Sunan da ke cikin rajista daban, yaron da ke zaune a aji daban. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Inda malami ɗaya yake fuskantar yara ɗari ko fiye, cikar ajin alama ce ta cewa mafi yawansu za su tashi ba tare da malamin ya taɓa jin muryarsu su kaɗai ba.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku, wato rera karatu. Malami ya rubuta layi a allon bango, ya nuna da sanda, ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. Uban da ya zo wucewa a kan babur ya ji, ransa ya yi fari. Amma a cikin wannan amo, yara biyar ne na gaba suke duban rubutun, sauran bin murya suke yi. Yaro yana iya haddace shafi guda cur, ya biya maka shi littafin na rufe, a nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar shafin ya kasa gane ta.

Abin mamaki, wannan uban ba a iya ruɗinsa haka a makarantar allo. A can ma ana ɗaga murya, har ta fi ta boko. Amma kowa ya san hayaniyar tsangaya ba ita ce shaida ba. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya ji inda ya yi tuntuɓe ya gyara masa, sannan a yi masa ƙari. Wanda yake babbaƙu ba a tura shi farfaru don ya yi tsawo ko don shekara ta zagayo. Ka tambayi uwa inda ɗanta yake, za ta gaya maka surar da yake kai, ko izu nawa ya yi. A boko kuwa iyakar amsarmu ita ce "yana aji huɗu", alhali aji huɗu ba ya nuna komai sai yawan shekarun da yaron ya yi yana zuwa. Tambayar da muka iya yi wa alaramma ita ce ya kamata mu koyi yi wa hedimasta: a ina karatun yaron nan ya tsaya?

Gano amsar ba ya buƙatar sufeto. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara wani bincike a 2005 inda ake bin gida gida ana gwada yara da takarda ɗaya tak mai matakai huɗu, kuma duk wanda ya iya karatu zai iya yin irinsa. Ka samu takarda ka rubuta haruffa goma a hargitse, ba bisa jerin da ake rerawa ba. Ƙarƙashinsu ka rubuta kalmomi irin su gero, rijiya, akuya, kasuwa. Sannan jimloli uku ko huɗu gajeru da yaron bai taɓa gani ba, sai ɗan labari. Ka zaunar da shi a inuwa, ba tsawa ba bulala, ka ce ya karanta. Inda ya tsaya, nan karatunsa yake. Idan ya kai ƙarshen labarin, ka tambaye shi wa aka ambata, me ya faru. Wanda bai yi boko ba yana iya roƙon ɗalibin sakandare na unguwa ya yi masa, shi kuma ya zauna ya saurara, domin kunne yana bambance mai karatu da mai kame-kame.

A kula da saurin karatun, don a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Yaron da yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, ya ɗauki minti guda kafin ya gama jimla, bai kai ga fahimta ba tukuna. Ƙwaƙwalwa abu kaɗan take iya riƙewa a lokaci ɗaya. Idan duk ƙarfinta ya tafi wajen gane haruffa, kafin ya isa ƙarshen jimla ya manta farkonta. Sai karatu ya zama yana gudana kamar magana sannan hankali yake samun sararin bin ma'ana. Yaron da bai kai wannan mataki ba a ƙarshen aji uku, duk darasin da ya biyo baya, na kimiyya ne ko na addini ko na lissafi, kwafarsa kawai yake yi daga allo zuwa littafi.

Lissafi ma a gwada shi haka. Yarinyar da ke talla tana iya cire Naira 170 daga 500 a ka, ta ba ka canjinka ba kuskure. A rubuta mata wannan lissafin a takarda. Idan ta kasa, ba ita ce daƙiƙiya ba, makarantar ce ta kasa haɗa abin da ta sani da abin da ake rubutawa.

Kada wani ya ɗauka wannan tsoro ne marar tushe. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya nuna kimanin kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen karatu, masu tushen lissafi kuma kimanin kashi 25. Wannan alƙalamin ƙasa ne baki ɗaya, har da Legas a ciki. Gwajin karatun Hausa da aka yi a Sakkwato da Bauchi a 2013 ya tarar mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Daga irin wannan sakamako ne aka fito da shirin RANA a Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, duk don a koya wa yaro karatu da Hausa tun daga aji ɗaya.

Dalilin farawa da Hausa a fili yake. Rubutun Hausa yana bin furuci: wanda ya san ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya, kuma da ya furta kalma zai gane ta, domin da ita yake magana a gida. A Turanci harafi ɗaya yana da sauti iri iri, ga shi kalmar kanta baƙuwa ce ga yaron Wagini ko Runka, sai a ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida. A Nuwambar 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari, ya ce da Turanci za a koyar tun daga farko. A ganina an yanke wannan hukunci ba tare da an tuna da ƙauyen da ba a jin Turanci a cikinsa ko a kasuwa ba. Duk da haka Hausa na nan a matsayin darasi, kuma makarantar da ta san abin da take yi za ta riƙe wannan darasi da hannu biyu. Yaron da ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama na Turanci.

Sai batun malami. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 bayan an yi musu jarrabawa, kuma abin yabo ne. Amma ɗauka a Katsina daban, isa aji a ƙauyen bakin daji daban. Malamin da yake kwana a Dutsin-Ma ko Katsina don tsoron ransa, yana biyan kuɗin mota daga albashin da bai isa ba, ba za a zage shi don ya makara ba. Sai dai tausayinsa ba zai hana a ƙirga ba. Dattawan gari su shiga makaranta da ƙarfe tara na safiyar Litinin, su koma ranar Juma'a, su koma ranar kasuwa, su ga malamai nawa ne a cikin aji riƙe da alli, su kwatanta da sunayen da ke jikin bangon ofishin hedimasta. A kuma buɗe jakar yaro a duba littafin rubutunsa. Kwanan watan da ke saman shafuka zai nuna ranakun da aka yi darasi da gaske, jan biron malami kuma zai nuna ko akwai wanda ya duba aikin. Littafin da ya yi wata biyu ba alamar jan biro ya riga ya ba da shaida.

Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina suna yaye masu ita kowace shekara. Takarda kaɗai ba ta isa shaida ba. A Kaduna a 2017, malamai 21,780 cikin kimanin 33,000 ne suka kasa samun makin da aka sa a jarrabawar 'yan aji huɗu. An yi ta cacar baki kan yadda aka gudanar da ita da korar da ta biyo baya, amma ta nuna cewa dole a riƙa kallon abin da malami yake yi a aji. Mafi dacewa ga ƙauyukanmu shi ne a nemi 'ya'yan yankin masu takarda, a horar da su, a ajiye su kusa da gida inda za su iya kwana.

Akwai wurin kai duk wannan magana. Kowace makarantar gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin SBMC, wanda ya ƙunshi mai unguwa ko wakilinsa, liman, iyaye maza da mata, da hedimasta. A wurare da dama ba a tuna da kwamitin sai za a sa hannu a takardar kuɗin gyara. Ikonsa ya wuce nan. Yana iya neman a gwada kowane yaro a farkon zango, a ware waɗanda gudun hijira ya bari a baya a ba su awa ɗaya kullum bisa matakin karatunsu ba bisa ajinsu ba, kamar yadda aka gwada a Borno da Kano. Yana iya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma adadin ranakun da makaranta ta buɗe da waɗanda malami bai zo ba.

Ga sakatarorin ilimi na Batsari da Safana, da hukumar SUBEB a Katsina, roƙona shi ne duk rahoton da za a kawo muku kan makarantar da aka sake buɗewa ya zo da adadin 'yan aji uku da suka iya karanta ɗan labari da Hausa. Ku kuma iyaye, kafin ku yanke shawarar barin yaro cikin gari ko mai da shi ƙauye, ku gwada shi da takarda a wannan makon, ku sake gwada shi a ƙarshen zango.