Nazarin Al'umma Ba Mafakar Wanda Lissafi Ya Kora Ba Ne

A zaurukan Birnin Zazzau, daga Kwarbai har Babban Dodo, iyayenmu sun saba cewa yaro mai kai a tura shi likitanci ko injiniyanci, wanda lissafi ya kora kuwa ya tafi jami'a a Samaru ya karanta ilimin zamantakewa, tunda can surutu ne. Allah ya ƙara musu girma, ba da ƙeta suke faɗa ba, sun ga masu wannan digirin da yawa suna zaman kashe wando. Amma maganar da gyara.

Ga misali: gonar mai zuba taki ta fi ta maƙwabcinsa albarka. Takin ne ya jawo? Wataƙila. Sai dai mai kuɗin taki shi ne kuma mai kuɗin ɗaukar 'yan ƙodago su nome masa a kan kari, sau da yawa ma ƙasarsa ta fi kyau tun asali. Tantance wanne ne sanadi, wanne ne ɗan rakiya, aikin lissafi ne zalla, yau kuma har da kwamfuta da bayanan dubban gidaje.

An taɓa yin irinsa a nan ƙofar gida. A 1966 zuwa 1967 David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello ya sa aka bi magidanta a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ana rubuta awannin aikinsu da abin da suka girbe. A lokacin malaman gona suna ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa. Alƙaluma suka nuna haɗin ya fi biyan manomi wahalarsa, musamman lokacin da ciyawa ta taso hannu ya yi kaɗan, kuma in wani amfanin ya ƙi, wani ya yi. Ashe kakanninmu ke da gaskiya.

Duniya ma ta san darajar irin wannan aikin: a 2021 David Card da Joshua Angrist da Guido Imbens suka karɓi kyautar Nobel a kan hanyoyin gano sanadi daga abin da ya faru a rayuwar jama'a.

Hanyar zama irin wannan mai bincike dai doguwa ce, digiri na biyu, na uku, albashin malamin jami'a kuwa kowa ya san shi. Amma aikin yana nan jibge. Gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, azuzuwa suka cika maƙil. Nawa ne suka zauna suka koyi karatu saboda abincin, nawa ne suka ci suka kama hanyar gida? Ɗan makarantar Alhudahuda da ya iya lissafi ne ya kamata ya auna mana wannan.