Yadda Hannu Ke Kama Ruwa a Iyon Rub-da-ciki

A gasar iyo akwai tseren da ake kira firistayil, wanda aka bar wa kowa ya zaɓi salon da ya ga dama. Sai dai kusan kowa salo ɗaya yake ɗauka domin ya fi sauri: a kwanta rub da ciki, hannu ɗaya na shiga ruwa ɗaya na fita, ƙafafu na kaɗawa. Da shi Johnny Weissmuller na Amurka ya zama na farko da ya ci mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, a 1922. A gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, Pan Zhanle na ƙasar Sin ya gama wannan tazarar cikin daƙiƙa 46.40.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ƙarfin damtse kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Sabon koyo yakan yi ta dukan ruwa har ya galabaita bai yi nisa ba. Gwani kuwa kama ruwan yake yi, ya riƙe, ya jawo jikinsa ya wuce hannun, kamar yadda mai kwalekwale ke kafa filafili a ruwa jirgi ya zarce.

Aikin yana farawa daga shigar hannu. Yatsu ne ke fara shiga, daidai saitin kafaɗa, tafin hannu na kallon ƙasa, sannan a miƙe hannun gaba a ƙarƙashin ruwa. Kada ya ƙetara saitin hanci zuwa ɗaya ɓangaren, domin jiki zai riƙa karkacewa. Masu sa babban yatsa ya fara shiga kuma suna murɗa kafaɗarsu, abin da kan jawo ciwon kafaɗar da ke addabar masu iyo da yawa.

Daga nan sai kamun ruwa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan salon duka. Bayan miƙewa, a lanƙwasa gwiwar hannu a bar ta a sama kusa da fuskar ruwa, yatsu su nufi ƙasan tafki. Da haka tafin hannu da sangalin hannu suke haɗuwa su fuskanci baya. Idan gwiwar ta rigaya ta faɗi, hannu sai ya sulale cikin ruwa bai riƙe komai ba. Idan kuma aka danna ruwa ƙasa da miƙaƙƙen hannu, kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu su nitse, jiki ya zama kaya. Yatsu ba sa son matsi. A ɗan sassauta su kaɗan.

A wajajen 1970, James Counsilman na Jami'ar Indiyana, kocin da ya horar da gwanin iyo Mark Spitz, ya nazarci hotunan da aka ɗauka a ƙarƙashin ruwa, ya koyar da cewa hannu ya riƙa lauya kamar harafin S. An daɗe ana bin wannan. A 2012 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka gwada da kwamfuta, suka gano cewa jan ruwa kai tsaye zuwa baya ya fi tura jiki. A ja har tafin hannu ya kai cinya, sannan a fitar.

Dawo da hannu ta sama lokacin hutunsa ne: gwiwa a sama, hannu a sake. Nan akwai sassauci. Janet Evans ta Amurka da miƙaƙƙen hannu take wurgawa, kuma ta ci zinare uku a Olamfik ta 1988. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa ya fi muhimmanci. Jiki kuma yana mirginawa gefe zuwa gefe, kafaɗa da ƙugu tare, domin manyan tsokokin baya su shiga aikin. Cikin wannan mirginawar ake juya fuska a shaƙi iska ba tare da ɗaga kai ba, a fesar da ita cikin ruwa.

Mai son gyara kamunsa ya gwada iyo da dunƙulallen hannu. Da yake babu tafi, dole sangali ya koyi riƙe ruwa, in ya buɗe hannun zai ji bambanci nan take. Sai ya riƙa ƙirga jan hannu nawa ke kai shi ƙarshen tafkin mita 25. Idan adadin na raguwa saurin bai ragu ba, kamun ya fara gyaruwa. Duk wannan atisaye a yi shi inda ƙafa ke taɓa ƙasa, da wanda ya iya ruwa a kusa.