Allura da Zare a Kasuwannin Yekuwa, Magariya da Dungas

Cinikin ɗinkin ado a kasuwannin kudancin Damagaram ya tsaya ne a kan kaya iri uku: hula, da rigar maza mai aiki, da kayan ɗakin mata irin su zanen gado da rigar matashin kai. Ba shi da fili na kansa kamar yadda hatsi da dabbobi suke da nasu. A warwatse yake, wani ɓangare a rumfar ƴan koli, wani a inuwar da teloli suka jera kekunansu, wani kuma a kan tabarmar mai huluna. Abin da ake gani ranar kasuwa kaɗan ne daga cikin sana'ar, domin yawancin aikin a cikin gidaje da zaurukan makarantun allo ake yin sa, kasuwa kuwa ita ce inda zare yake shigowa, kayan da aka gama su fita.

Yekuwa gari ne kuma komin a cikin gundumar Magariya, kusa da iyakar Najeriya, daura da ƙasar Daura. Gabas da nan akwai Dungas, wadda aka cire daga Magariya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Kasuwannin wannan yanki mako-mako suke ci, kowace da ranarta, kuma fatake ɗaya ne suke zagaya su, su haɗa har da na ƙetaren iyaka: Mai'aduwa ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. Kuɗi biyu ne suke yawo a hannun mutane. Ana lissafin sefa da dala da jaka, ana kuma karɓar naira ba tare da wata tambaya ba, har ma a wasu rumfunan da naira ake fara faɗin farashi, saboda a Kano aka saro kayan.

Wannan alaƙa da kudu ta daɗe. Bayan da masu jihadi suka ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya koma arewa, kuma Sarki Lukudi ya zauna a Yekuwa kafin kujerar ta koma Zango. Inda duk aka sami fada, akwai buƙatar riguna, domin da riga da rawani ake naɗa sarauta, da su kuma sarki yake yi wa barorinsa da malamansa kyauta. Ban da haka, yankin yana tsakanin Kano da Zinder, birane biyu da ayarin Sahara ya haɗa. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya bayyana yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. A wancan zamani zare biyu ne suka fi daraja wajen aikin riga. Akwai tsamiya, silikin gida da ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi masu zama a kan itatuwa, mai launin ƙasa-ƙasa. Akwai kuma alharini, jan siliki mai ɗaukar ido, wanda ragowar masaƙun Turai ne da raƙuma suke ratso hamada da shi.

A yau ɗan koli ne ya gaji ayarin. A shimfiɗarsa ake samun allura ƙanana da manya, da zaren hula kala-kala, da zaren ulu na saƙa, da kwarashi, da almakashi, da ƙawanyar da ake ɗaure yadi a ciki don ya miƙe. Yawancin waɗannan kaya daga Sin da Indiya suke zuwa, su sauka Kano, daga can a rarraba su. Yadi kuwa, daga farin da ake hula da shi har zuwa shadda, Kantin Kwari ce babbar mashigarsa. Shaddar da ta fi kowace tsada, wadda ake kira gezna, sunan kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ta ɗauka, kuma mai ɗinki yakan ƙara kuɗin aiki idan ita aka kawo masa, saboda kuskure a kanta asara ce babba.

Hula ita ce ta fi ɗaukar hannaye da yawa. Hula guda takan bi ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ta hau kan mai ita. Na farko shi ne mai zane, wanda yake yanka farin yadi gida biyu, dogon ƙyallen da zai zagaye kai da kuma da'irar sama, ya fitar da fasalin adon da alƙalami. Daga nan sai mai ɗinki, mace a cikin gida ko almajiri bayan an tashi daga karatu, ya bi zanen da allura. A cikin kyakkyawan aiki ana huda ƙananan ramuka a jere, a zagaye bakin kowane rami da zare har sai farin yadin ya ɓace gaba ɗaya, ba a ganin komai sai launi. Irin wannan yakan ci makonni, wani lokaci ya haura wata, gwargwadon ƙanƙantar hujin da yawan launukan. Idan an gama sai mai haɗi ya haɗa saman da jikin. Na ƙarshe shi ne mai wankin hula, wanda zai wanke dattin hannu da ya taru a kanta, ya sa mata sitaci, ya kifa ta a kan abin da zai ba ta siffa har ta bushe, sannan ya goge ta ta tsaya cak.

Sunayen huluna suna nuna inda salon ya fito. Zanna bukar, wadda wasu ke kira ƙube, daga Barno take, kuma sunan Zanna Bukar Dipcharima ta ɗauka, ɗan siyasar Barno na jamhuriya ta farko a Najeriya. Ana kuma kiran wasu da sunan garin Bama, wanda ya shahara da aiki mai laushi. Akwai damanga, akwai tangaran, sai kuma tsofaffin salo irin haɓar kada mai rufe kunnuwa, wadda yanzu ba a cika ganinta ba sai wurin mafarauta da masu wasannin gargajiya. Rikicin da ya tarwatsa mutanen Barno tun daga 2009 ya bazu da masu wannan sana'a zuwa Kano da Diffa da wasu garuruwa, abin da ya ƙara yawan hular Barno a kasuwanni masu nisa da ita. Mai saye da ya san hula ba ya tsayawa ga launi. Yakan juya cikinta ya duba ko zaren ya kwanta daidai, ya ɗaga ta sama ya ga yadda haske ke ratsa hujin, ya murza ta ya ji ko taurin nata na ɗinki ne ko na sitaci.

Babbar riga tana da tsari wanda ya daɗe bai sauya ba. Nauyin aikin yana gefen hagu, a kan babban aljihun da ke ƙirji. Daga wuya ake sauko da wasu dogayen siffofi masu tsini da ake kira aska, kuma da yawansu ake kiran rigar, aska biyu ko aska takwas. A gefen dama da kuma baya ana ɗinka tambari, wato da'ira mai naɗewa cikin kanta. Tsakaninsu ana cike wuri da dagi da ƙananan murabba'ai masu kama da hatimin da malamai ke zanawa, kuma wannan kamanni ba haɗari ba ne, domin a da malamai ne suke zana fasalin riga da tawada da alƙalamin karatu kafin a ba masu ɗinki. Malum-malum ita ce wadda aiki ya mamaye ta gaba da baya. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tattara waɗannan zane-zane da sunayensu a bincikensa na shekarun 1970. A kasuwar ƙauye ba a shimfiɗa irin wannan riga ana jiran mai saye. Sai dai a yi oda, a ba da kafin alƙalami, a jira watanni.

Abin da ake gani a fili shi ne aikin keke. Telan kasuwa yana aiki da keken ƙafa, galibi Butterfly ko tsohon Singer, wanda ba ya buƙatar wuta. A manyan garuruwa irin Magariya akwai masu keken surfani da ke aiki da lantarki ko janareta, suna cin wuyan kaftani da hannayensa a cikin awoyi. Sama da su akwai aikin kwamfuta, wanda ake kaiwa Kano ko Zinder, injin ya buga zane ɗaya a kan riguna da yawa ba tare da bambanci ba. Keke ya sa ado ya kai ga talaka, kuma wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Sai dai ya jawo wata matsala ga mai allura: mai saye yana kwatanta farashin aikin wata guda da na aikin yini ɗaya, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Kayan ɗakin mata suna da tasu hanya, wadda ba ta cika bi ta tsakiyar kasuwa ba. Uwa takan fara tanadin zannuwan gado da rigunan matashi tun ƴarta tana ƙarama. Ana ɗinka musu furanni da tsuntsaye da zare mai haske, a saƙa musu baki da kwarashi, haka nan ana saƙa hular jarirai da safa da mayafin rufe kwanuka. Matar da ba ta fita kasuwa dillaliya ce ƙafarta. Ita ke kawo yadi da zare, ita ke ɗaukar abin da aka gama ta shiga da shi gida-gida, ta cire la'adarta. Wasu matan da jarinsu suke aiki, sau da yawa daga kuɗin adashi. Mafi yawa kuwa ƙodago suke yi: ɗan kasuwa ya ba da yadi da zare, ya biya ladan ɗinki kawai, ribar sayarwa ta zama tasa. A nan ne rashin daidaiton sana'ar yake. Wadda ta ɓata idonta da yatsunta na tsawon makonni ita ce take samun kaso mafi ƙanƙanta, domin ba ta san nawa aka sayar da hular a Zinder ko Kano ba, kuma ba ta da halin riƙe kaya har farashi ya yi kyau.

Ciniki yana bin shekarar noma da ta addini. Da damina allura takan kwanta, hannaye suna gona. Bayan kaka, idan an sayar da gyaɗa da riɗi da wake, kuɗi sukan shigo, bukukuwan aure su yawaita, kayan ɗaki su yi kasuwa. Azumi kuwa shi ne lokacin hula da kaftani. A goman ƙarshe teloli kan kwana a kan keke, masu wankin hula su cika bakin hanya da shanya. Ƴan ci-rani da ke dawowa daga biranen Najeriya kafin Sallah su ma suna shigo da sababbin salo a kansu, waɗanda masu zane ke kwaikwaya nan da nan.

Tun da zare da yadi daga kudu suke zuwa, duk abin da ya taɓa iyaka yana taɓa allura. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Kaya ba su daina wucewa ba, domin babura sun san hanyoyin daji, amma kuɗin dako ya hau kan kowane ƙullin zare. Faɗuwar darajar naira tana da fuska biyu a nan: mai riƙe da sefa yana sayen kayan Kano da araha, mai ɗinkin da ake biya da naira kuma ladansa yana raguwa idan ya je awon gero.

Koyon sana'ar yawanci a gida ne, yarinya a gefen uwarta, yaro a gefen babban almajiri. Akwai kuma cibiyoyin mata da ake kira fuwaye da cibiyoyin koyon sana'a na komin-komin, inda ake koyar da ɗinkin keke da surfani da saƙa. Ƙungiyoyin mata sukan fito da kayansu ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ake tunawa da zanga-zangar da mata suka yi a Yamai a 1991. A matakin ƙasa akwai baje kolin SAFEM na sana'o'in hannun mata a Yamai, da bikin FIMA da Alphadi ya fara a Tigidit kusa da Agadas a 1998, sai kuma bikin 18 ga Disamba da ya riƙa zagaya jihohi, wanda aka yi a Zinder a 2018. Waɗannan taruka sun ɗaga sunan aikin hannu, amma kuɗin mota da na rumfa sun fi ƙarfin mai ɗinki ɗaya daga Yekuwa ko Dungas, sai dai ta ƙungiya. Misalin da ya nuna amfanin haɗuwa yana Zariya, inda matan birni suka shiga aikin babbar riga, wanda a da na maza ne, har wasunsu suka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers a 1994 suna sayar da kayansu kai tsaye.

Ga yawancin masu ɗinkin yankin, wuraren nuna aiki biyu ne, kuma babu wanda ake biyan kuɗin shiga. Ɗaya shi ne ɗakin amarya ranar jere, inda mata ke shiga suna duba zannuwan gado suna tambayar hannun wa ya yi. Ɗayan shi ne filin idi da hawan Sallah, inda ake ganin hula da riga a jikin masu su. Daga waɗannan wurare biyu ne oda take fitowa, sunan gwana ya bazu daga unguwa zuwa ƙauyukan kewaye.

Kayan ba sa barin kasuwa bayan sayarwar farko. Hula mai kyau tana komawa wurin mai wanki sau da yawa a shekara, idan ta tsufa a sayar da ita kwance ga wanda bai iya sayen sabuwa ba. Rigar da wuyanta ya mutu ana kai ta wurin tela ya yi mata gyara, wani lokaci a yanke aikin a ɗora shi a kan sabon yadi. Tsofaffin rigunan saƙi masu aikin tsamiya kuwa dillalan kayan tarihi ne suke nemansu gida-gida, kuma ire-irensu suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, ciki har da British Museum da ke Landan.