Kuzar da Ta Ƙara Nauyi a Cikin Wuta

Duk wanda ya taɓa sharar gona a Kafur ya san wuta ci take yi. A tara karan dawa da na masara tsibi guda gabanin damina, a cinna wuta, tokar da za ta rage ko kwando ba za ta cika ba. Wa zai yarda akwai abin da wuta ke ƙara wa nauyi?

Kusan shekara 400 da suka wuce, a garin Bergerac na ƙasar Faransa, wani mai haɗa magunguna da ake kira Brun ya auna kuza laba 2 da oza 6. Ya zuba ta a tukunyar ƙarfe, ya yi awa 6 yana motsa ta a kan wuta, bai ƙara mata komai ba, har ta koma farin gari. Da ya sake aunawa, sai ga laba 2 da oza 13. Daga ina oza 7 ta fito?

Ya tambayi wani likita, Jean Rey. A 1630 Rey ya buga ɗan littafi, ya ce iska ce: tana da nauyi, kuma ita ta kama jikin kuzar. Masana suka yi biris da shi.

Sai a 1774 Antoine Lavoisier ya raba gardama a Faris. Ya rufe kuza ruf a cikin kwalba, ya auna, ya gasa, ya sake aunawa. Nauyin kwalbar yana nan yadda yake. Da ya buɗe bakinta, iska ta ruga ciki da fito, nan take nauyi ya ƙaru, gwargwadon abin da kuzar ta ƙara. Sashen iskar da kuzar ta sha shi ne daga baya ya raɗa wa suna oksijin.

Kara ma oksijin yake sha idan yana ci. Bambancin kawai, abin da ya haifar yana tashi sama, hayaƙi da tururi da iskar kabon, ya bar toka. Na kuza kuwa a tukunya yake zama.

A 1775 wani mai haɗa magunguna, Pierre Bayen, ya tono littafin Rey ya nuna wa masana. Aka sake buga shi a 1777, marubucinsa ya fi shekara 100 a kabari.